DARASIN WATAN NUWAMBA: MUN GASKATA DA JAHANNAMA, KO DAI LABARINTA MUKA JI?

Kafin a fara wannan darasi, a karanta Luka 16:19-31, da kuma Matiyu 25:31-46.

GABATARWA

Nuwamba wata ne da Ikilisiya ta keɓe domin tunawa da matattu. Ran 1 ga wata mukan yi idin dukan tsarkaka, ran 2 ga wata mu yi addu'a domin masu bi da suka riga mu, daga nan kuma karatun Lahadi yakan yi ta jawo hankalinmu ga abubuwa huɗu na ƙarshe, watau mutuwa, da shari'a, da sama, da jahannama. A cikin wannan wata ne kuma mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam suke ƙarasa girbin shinkafa, su gyara fili domin noman rani.

Da za a tsaya a ƙofar majami'a ran Lahadi a tambayi kowane mai fitowa ko ya gaskata akwai jahannama, da wuya a sami mutum ɗaya da zai ce a'a. Yaranmu sun haddace amsar tun a ajin katekisma. Amma akwai masu cewa a baki kawai muke faɗa. Hujjarsu ita ce, wanda ya tabbata ɗakinsa ya kama wuta ba ya zama ya ƙarasa cin tuwo. In da gaske mun yarda akwai hasara ta har abada, me ya sa muke cutar juna da safe, mu yi barci mai daɗi da dare? Kada mu yi fushi da wannan zargi. Bari mu auna shi, gama akwai gaskiya a cikinsa, ko da yake bai faɗi gaskiyar duka ba.

1. ABIN DA IKILISIYA TAKE KOYARWA

Kalmar jahannama, wadda mu da maƙwabtanmu Musulmi muke amfani da ita, ta samo asali ne daga sunan wani kwari da ke kudu da Urushalima, Kwarin Hinnom. A zamanin sarakunan Yahuza waɗansu sun ƙona 'ya'yansu a can hadaya ga gumaka, har annabi Irmiya ya yi shelar hukunci a kan wurin (Irmiya 7:31-32). Da sunan wannan kwari ne Ubangijinmu ya yi ta gargaɗi a cikin Bishara.

Katekisma ta Ikilisiyar Katolika, wadda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992, ta tattara koyarwar daga sashi na 1033 zuwa na 1037. Za mu iya riƙe ta da abubuwa uku. Na ɗaya, jahannama tana nan, ba ta da ƙarshe, babbar azabarta kuwa ita ce rabuwa da Allah, wanda dominsa aka halicce mu. Na biyu, Allah bai ƙaddara wa kowa shigarta ba. Mutum ne yake zaɓenta da kansa idan ya mutu cikin zunubi mai kisa, bai tuba ba, yana ƙin jinƙan Allah har ƙarshe. Zunubi kuwa yakan zama mai kisa ne in abin da aka aikata babba ne, mai yin ya san babba ne, ya kuma yi da yardar ransa. Na uku, an ba mu wannan koyarwa ne domin mu tuba, mu kuma lura da yadda muke amfani da 'yancin da Allah ya ba mu.

A lura da wani abu kuma. Ikilisiya ta bayyana sunayen tsarkaka masu yawa da ta tabbatar suna sama, amma ba ta taɓa kiran sunan mutum ɗaya ta ce yana wuta ba.

2. GASKATAWA IRI BIYU

Waliyi John Henry Newman, wani shehun malami ɗan Ingila wanda ya shiga Katolika a 1845, aka kuma sa shi cikin jerin tsarkaka a 2019, ya rubuta littafi a 1870 a kan yadda mutum yake yarda da abu. Ya nuna yarda iri biyu ce. Akwai wadda take zaune a kai, mutum ya amince maganar daidai ce amma ba ta taɓa shi ba. Akwai kuma wadda ta shiga jiki, har ta tashe shi tsaye. Bahaushe ya riga ya san wannan bambanci, shi ya sa ya ce gani ya kori ji, ya kuma ce jiki magayi.

Ba sai mun tafi Ingila neman misali ba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma jawo ruwanta ta kanal zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, mutanen wannan ƙasa suke rayuwa a kan gaskata abin da bai zo ba tukuna. Mai shuka alkama a Nuwamba bai ga sanyin Janairu da idonsa ba, bai kuma ji zafin Maris a jikinsa ba. Amma ya gaskata duka biyu suna tafe, ya kuma san alkamar da zafi ya riska kafin ta cika ido ba ta yin nauyi. Saboda haka ba ya wasa da ranar shuka. Yakan ci bashin taki a kan wannan gaskatawa, ya bar biki, ya bar barci.

A 2016 tsutsar tumatir da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonaki a wannan yanki, har kamfanin sarrafa tumatir na Ɗangote da ke Kadawa ya tsaya saboda rashin tumatir. Tun daga wannan shekara, in manomi ya ji an ga alamarta a gonar wani, ba ya jiran a yi masa wa'azi. Kafin gari ya waye yana gona yana juya ganye, gama wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa.

Manya a cikinmu suna tune da watan Agusta na 1988, lokacin da madatsar Bagauda ta ɓalle, ruwa ya ci gonaki da gidaje. Bayan shekara huɗu, a 1992, aka rage tsayin bakin da ruwa yake malala a Tiga domin lafiyar madatsar. Tiga ba ta fashe ba a lokacin, amma aka yarda a yi hasarar wani kaso na ruwan da take iya riƙewa, da a jira abin da ya fi haka muni. Gaskatawar da ta shiga jiki ke nan: takan sa mutum ya saki riba ta yau saboda hatsarin da bai gani ba.

To, yanzu kowa ya tambayi kansa. Wace riba muka taɓa saki saboda jahannama? Wane barci muka taɓa bari?

3. ME YA SA SANIN BAI KAI HANNU BA?

Mai zargi zai ce, ai shi ke nan, ba ku gaskata ba. Amma ya yi gaggawa. Babu wanda yake musun akwai tsargiya a ruwan kanal. Ƙwayar cutar takan girma a jikin ƙananan dodon koɗi da ke cikin ruwan, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga, daga baya a ga fitsarin jini, in kuwa aka bar ta shekaru sai ta taɓa mafitsara ko ƙoda ko hanta. Mun san wannan sarai, mun ga masu fama da ita, duk da haka mukan bar yara su wuni suna iyo a ciki. Mun san maganin feshi dafi ne, amma sau nawa muke ganin mai feshi ba abin rufe hanci, ba takalmi? Waɗannan mutane ba musun cutar suke yi ba. Abin da ya yi nisa ne ba ya yi musu nauyi. Haka bangaskiyar yawancinmu take game da jahannama: tana nan, amma tana barci. Abubuwa uku ne suke yi mata shimfiɗa.

Na fari shi ne nisa. Littafin Mai Hadishi (8:11) ya lura da cewa jinkirin hukunci shi yake ƙara wa mutane ƙarfin halin yin mugunta. Da a ce duk wanda ya tauye mudu hannunsa zai shanye nan take, da ba a sami mai tauyewa ba a kasuwar Kura. Amma Allah mai haƙuri ne, mu kuwa sai mu mai da haƙurinsa kamar mantuwa.

Na biyu shi ne ganganci da jinƙan Allah. Mutum ya ce a ransa, zan yi, in ya so in je wurin Fada in furta, ko kuwa in tuba in na tsufa. Katekisma (sashi na 2092) ta lissafa wannan cikin zunuban da ake yi wa bege, watau sa ran gafara ba tare da niyyar sāke hali ba. A 2012 waɗansu masana biyu, Azim Shariff da Mijke Rhemtulla, sun gwada bayanan ƙasashe 67. Suka ga inda gaskatawa da wuta ta yi ƙarfi, laifuffuka sun fi sauƙi, inda kuwa mutane suka riƙe aljanna suka saki wuta, laifi ya fi yawa. Wannan lissafin ƙasashe ne, ba ya bayyana zuciyar mutum ɗaya, amma ya yi daidai da abin da kowane katekist ya sani: wanda ya ji rabin wa'azi yakan zaɓi rabin da ya yi masa daɗi.

Na uku shi ne mafi hatsari, watau mu ɗauka an yi jahannama ne domin waɗansu. Domin ɓarayi, da masu kisa, da waɗanda ba addininmu ɗaya ba. Muddin mutum ya cika ta da maƙwabta, ba zai ƙara jin tsoronta domin kansa ba. Wasiƙar Yakubu (2:14-26) ta tuna mana cewa aljanu ma ba su musun Allah, har tsoro yakan kama su, amma wannan bai sāke halinsu ba. Bangaskiyar da ba ta haifi aiki ba, gawa ce.

4. INDA ZA A GWADA MU

Mu koma ga karatunmu na fari. Ubangiji bai ce mai arzikin nan ya bauta wa gunki ba, bai ce ya yi kisa ba. Mutum ne da ya san addini, yana kiran Ibrahim ubansa, har sunan Li'azaru ya sani. Laifinsa yana kwance ne a ƙofar gidansa, yana tsallake shi kullum. Da ya sami kansa cikin azaba kuwa, abin da ya roƙa ɗigon ruwa ne, daga hannun mutumin da bai taɓa ba kome ba. A karatu na biyu ma, ƙishirwa tana cikin abubuwan da Sarki zai yi tambaya a kai, tare da yunwa, da baƙunci, da tsiraici, da ciwo, da kurkuku. Waɗanda aka kora ba don wani abu da suka yi aka kore su ba. Abin da suka ƙi yi ne ya kā da su.

Babu mutanen da ya kamata su fahimci wannan kamar mu. Ruwan Tiga gangarowa yake yi, daga babban kanal zuwa ƙarami, daga ƙarami zuwa gona, ba ya kuwa isa ga na ƙarshe sai ya bi ta gaban na farko. Kowane mai gona a bakin kanal yana da Li'azarunsa, shi ne wanda gonarsa take can wutsiya. In na gaba ya tare ruwa da buhun yashi da dare alhali ba ranarsa ba ce, ko ya ƙara bututu fiye da rabonsa, ko ya ƙi fitowa ranar yashe kanal da sare ciyawa don shi ruwa yana isa gare shi, to, na baya ne zai biya. Zai sayi mai ya tayar da injin ban ruwa in yana da hali. In ba shi da hali, ya tsaya yana kallon albasarsa tana bushewa, bashin taki kuwa yana jiransa. Mutumin da ya tare ruwan yana iya zama ɗan kwamitin majami'a, yana iya zama mai jan waƙa. Bai taɓa musun jahannama ba. Amma a daren nan, a bakin kanal, ina bangaskiyarsa take?

Haka yake a kasuwa. Kwandon tumatir da ake kaiwa Kwanar Gafan, manya jajaye a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa. Shinkafar da aka yi wa algus, da mudun da aka bubbuga gindinsa. Annabi Amos (8:4-7) ya yi magana a kan masu rage mudu, masu haɗa alkama da ƙaiƙayi su sayar, ya ce Ubangiji ya rantse ba zai manta ba. Sai kuma hakkin 'yan ƙwadago, da matan da suke wuni a sunkuye suna tsinkar tumatir, da 'yan ci-rani da suka baro garuruwansu, waɗanda akan ce musu su dawo gobe, goben kuwa ba ta zuwa. Yakubu (5:4) ya ce ladan da aka danne wa masu girbi yana da murya, Allah kuwa yana jinta. Akwai kuma wanda yakan yi feshi yau ya tsinka gobe, alhali an rubuta a jikin kwalbar kwanakin da za a jira. Ba zai taɓa ganin yaron da zai ci wannan tumatir a Legas ba, amma Allah yana ganin su duka biyu.

Ba mu ce kowane ɗaya daga cikin waɗannan zunubi mai kisa ne a kowane hali ba. Amma wanda ya sa matalauci ya yi hasarar noman shekara, yana sane, da gangan, kada ya ruɗi kansa cewa ƙaramin abu ne. Kada kuma ya zaci furci kaɗai ya wadatar. Katekisma (sashi na 1459 da na 2412) ta koyar cewa wanda ya ci hakkin wani, wajibi ne ya mayar gwargwadon ikonsa. Sai da Zakka ya yi alkawarin mayar da abin da ya ƙwace, sa'an nan Ubangiji ya yi shelar ceto a gidansa (Luka 19:1-10).

Wani zai ce, da mun ga wutar da idonmu da mun sāke. Mai arzikin ma haka ya zata game da 'yan'uwansa biyar, ya roƙa a aika musu da wani daga matattu. Aka amsa masa cewa suna da Musa da annabawa, wanda kuwa ya toshe kunne ga waɗannan, tashin matacce ma ba zai buɗe shi ba. Mu da muke shaidar tashin Kristi kowace Lahadi, wannan magana a kanmu take.

5. MATSAYIN TSORO

Shin Ikilisiya tana so mu zauna cikin firgita ne? A'a. Manomin da ya gaskata zafin Maris yana zuwa ba ya bin titi yana kururuwa. Yakan yi shuka a kan kari, sa'an nan ya kwanta ya yi barcinsa. Nan ne mai zargi ya yi kuskure, da ya zaci alamar gaskatawa ita ce ruɗewa. Alamarta ita ce aikin da aka yi a lokacinsa.

Duk da haka tsoro yana da nasa amfani. Majalisar Trent ta koyar a 1551 cewa nadamar da tsoron wuta ya haifar, in tana tare da niyyar barin zunubi, baiwa ce daga Allah, ko da yake ba cikakkiya ba ce, tana kuwa shirya mutum ya karɓi gafara a Sakramentin Tuba. Waliyi Agustin, Bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya kwatanta tsoro da abin ɗinki, ƙauna kuwa da zare. Allura ce take huda tufa, amma ba ita take riƙe ɗinki ba. Sai ta wuce, zare ya zauna. Wanda ya bar tare ruwa saboda tsoron wuta ya fara da kyau. In ya nace, wata rana zai bar shi ne saboda ya ga fuskar Kristi a fuskar na wutsiya, a nan ne ƙauna takan sallami tsoro (1 Yohanna 4:18). Saboda haka mu yi nesa da ramuka biyu, ramin ganganci da ramin fid da zuciya. Muddin mutum yana numfashi, ƙofar tuba a buɗe take.

Wanda ya gaskata da jahannama kuma ba ya yi wa kowa fatanta. Yaran nan uku na Fatima a ƙasar Fotugal, waɗanda suka ce an nuna musu ita a watan Yuli na 1917, abin da ya biyo baya a rayuwarsu shi ne addu'a da sadaukarwa domin masu zunubi. Daga nan ne muka sami gajeriyar addu'ar da muke yi bayan kowane goma na Rosari. Majalisar Batikan ta Biyu ta koyar a 1964 cewa wanda bai san Bishara ba, ba da laifinsa ba, amma yana neman Allah da zuciya ɗaya, yana bin lamirinsa, zai iya samun ceto ta wurin alherin Allah. A 1965 kuma ta yi maganar Musulmi da girmamawa, ta ambaci cewa su ma suna sauraron ranar shari'a. Jahannama ba sanda ba ce da za mu ɗaga wa maƙwabci. Mu Kirista ba mu da yawa a wannan yanki, yawancin maƙwabtanmu kuwa ba za su taɓa shiga majami'a su ji wa'azinmu ba. A bakin kanal da bakin kwando za su karanta abin da muka gaskata.

ABIN YI A WANNAN WATA

Kafin ruwan rani ya kankama, kowa ya zauna ya yi lissafi, kamar yadda yake lissafin taki da iri. Wanda yake riƙe da ladan ɗan ƙwadago ya biya a wannan mako. Wanda ya cuci na bayansa a bara ya je ya same shi, ya nemi gafara, ya rama abin da zai iya. A fito aikin gayya na yashe kanal, ko da ruwa yana isa gonarmu. Bayan haka a zo Sakramentin Tuba kafin shigowar lokacin jiran zuwan Ubangiji. Iyaye kuma su koya wa yara wannan koyarwa yadda take, ba tare da mai da ita dodon tsorata su ba.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Waɗanne sharuɗɗa uku ne suke sa zunubi ya zama mai kisa?
2. Mene ne bambancin gaskatawar da take a kai da wadda ta shiga jiki? A kawo misali daga gona ko kasuwa.
3. Wane ne Li'azarun da yake ƙofarmu, a gida, da gona, da majami'a?
4. Me ya sa furci ba ya wadatarwa in ba a mayar da hakki ba?
5. Ta yaya Zumuntar Mata da ƙungiyar matasa za su taimaki waɗanda gonakinsu suke wutsiyar kanal a wannan rani?

ADDU'A

Ya Allah Ubanmu, kai da ba ka jin daɗin hallakar kowa, ka farkar da bangaskiyarmu daga barci. Ka buɗe idanunmu mu ga mai ƙishirwa da yake bayanmu tun muna da ruwan ba shi. Ka ba mu ƙarfin mayar da abin da ba namu ba, ka ji ƙan 'yan'uwanmu da suka riga mu, ka kuma kai mu duka gabanka lafiya. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.